Barombi Mbo: tafkin da kifayensa ba su da wani gida

Duk wanda ya murɗa famfo a garin Kumba, a yankin Kudu maso Yammacin Kamaru, in ya yi sa'a ruwa ya zo, to daga cikin wani tsohon ramin dutse mai aman wuta aka jawo masa shi. Ramin yana bayan tudu, 'yan kilomita kaɗan daga kasuwar garin, cike da ruwa, kurmi ya kewaye shi. Sunansa Barombi Mbo. Faɗinsa bai wuce kilomita biyu da rabi ba, mai kwalekwale zai tsallaka shi bai gaji ba, amma zurfinsa ya kai mita 110. A cikinsa akwai kifi wajen iri 15, kuma 12 daga ciki babu su a ko'ina a doron ƙasa sai nan da ɗan rafin da ke fita daga tafkin: dangin karfasa iri 11 da tarwaɗa guda. Duka karfasan nan, ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN ta sa su a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa, matakin da daga shi sai a ce an rasa su a daji.

In aka ambaci tafkin ramin dutse a Kamaru, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne Nyos. Daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos ya saki iskar kabon dayoksaid da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashinsa, iskar ta gangara kwari ta kashe mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500, akasarinsu shanun Fulani. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya yi irin haka, mutum 37 suka rasu. Shi ya sa a rubuce-rubuce da yawa game da Barombi Mbo ake saka wannan iska cikin haɗarin da ke jiran kifayensa. Amma da aka auna ruwan ƙasan tafkin, ba a tarar da iskar ta taru yadda ta taru a Nyos ba. A ganina tsoron iskar nan yana ɗauke hankali ne daga inda matsalar take. Abin da zai kashe Barombi Mbo, in an bari, ba zai zo da ƙara cikin dare ɗaya ba. Laka ce, da maganin feshi, da saukar ruwa, da bokiti guda na baƙon kifi.

Kafin a kai ga wannan sai an san yadda tafkin yake. Akwai wani layin duwatsu masu aman wuta da ya taso daga cikin teku, ya bi ta tsibiran Sao Tome da Bioko, ya hau Dutsen Kamaru, ya ratsa tsaunukan Bamenda da tudun Adamawa, reshensa guda ya ƙare a tudun Biu a jihar Borno, inda tafkin Tila yake zaune a cikin irin wannan rami. Wajen shekara miliyan ɗaya da ta wuce, narkakken dutse ya taso daga ƙarƙashin ƙasa a inda Kumba take yanzu, ya ci karo da ruwan da ke cikin ƙasa, ruwan ya zama tururi nan take, ƙasa ta fashe ta bar rami mai zurfi da ganuwa kewaye da shi. Ruwan sama da 'yan ƙoramu suka cika shi. Mafitarsa ɗaya ce, wani matsattsen kwazazzabo da ruwan ke bi ya gangara ta Kumba zuwa kogin Mungo. Siffar wurin kamar ƙwarya ce da aka ajiye a buɗe: duk abin da ya faɗa daga bakinta zuwa ciki, tsakiya zai gangara, kuma ba shi da hanyar fita sai wannan 'yar kafa.

Mita 110 ɗin nan yaudara ce. Kifi ba ya iya zama a mafi yawansu. Rana tana ɗumama ruwan sama, ruwan ɗumi kuwa ya fi mai sanyi rashin nauyi, don haka yana zaune a kansa ba sa gauraya. A manyan tafkuna masu fili iska ce ke kaɗa ruwa ta juya shi, a ƙasashen sanyi kuma hunturu ne ke sanyaya saman ya nutse ƙasan ya taso. Barombi Mbo ba shi da ko ɗaya: ganuwar ramin ta tare iska, kuma yankin ba shi da sanyin da zai juya ruwa mai wannan zurfi. Ganye da matattun ƙwari da kashin kifi suna ta nutsewa, ƙwayoyin halitta masu ruɓar da su suna shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan ƙasa, babu mai mayar da ita. Sakamakon haka, daga wajen mita 40 zuwa ƙasa babu oksijin ko kaɗan, tun ma kafin a kai nan ta yi ƙaranci ƙwarai. Ke nan duk rayuwar da ake magana a kai tana cikin wani ɗan falle ne na sama, mafi yawanta ma a siririn gefen da ke da duwatsu da yashi da kututturan itatuwan da suka faɗo, domin gaɓar tafkin a tsaye take, taku kaɗan daga baki ƙasa ta suɓuce.

A cikin wannan ɗan fili kifayen suka raba sana'a, kowa da tasa. Pungu ɗan kifi ne rawaya mai dabbare-dabbaren baƙi, wajen santimita 10, mai kaurin leɓe da ƙarfin haƙori. Abincinsa wani soso ne na ruwa, wanda dabba ce ba tsiro ba, da ke manne a jikin duwatsu da itatuwan da suka nutse, shi ma babu shi a wani wuri sai wannan tafki. Jikin soson cike yake da ƙananan tsinke na silika, sinadarin da ake gilashi da shi, abin da ya sa kifaye kaɗan ne a duniya ke kusantar irinsa. Pungu yana kafa baki ya gutsuro shi ya haɗiye. Kululu yana ɗibar yashi a baki ya tace abin da ke ciki. Leka keppe yana kankare gansakuka. Nsess mafarauci ne, ƙananan kifi yake bi. Myaka, wanda bai kai santimita 10 ba, ya bar gaɓa ya koma tsakiyar ruwa yana tace ƙananan halittun da ke shawagi. Wani bincike da aka wallafa a 1988 ma ya nuna wasu daga cikinsu suna bin ƙaguwa a baya, in ta samo abinci su fizge.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne dikume. Akwai wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, tsutsarsa garai-garai take har ana hango cikinta. Da rana tsutsar nan takan nutsa can inda oksijin ya yi ƙaranci, domin ta san kifi ba ya iya binta, da dare ta hauro ta ci abinci. Dikume shi ne ya ƙi yarda da wannan dabara. Yakan bi ta har cikin ruwan da sauran 'yan uwansa za su shaƙe, ya ci, ya dawo sama. Masana daga Ingila da suka auna jinin kifayen tafkin a farkon shekarun 1970 sun tarar jinin dikume ya fi na sauran yawan himogulobin, sinadarin da ke riƙe oksijin a jini. A 2019 kuma wata tawaga ƙarƙashin Zuzana Musilová ta jami'ar Charles da ke Prague ta nuna cewa idanun dikume da myaka sun bambanta da na kifayen gaɓa: sun karkata ga ganin shuɗin haske, wanda shi ne ke isa zurfi, sun rage dogaro da ja, wanda ruwa ke shanyewa tun daga sama. Duk wannan a tafkin da bai kai murabba'in kilomita biyar ba.

Sunayen nan da nake ambata ba na Turawa ba ne, na mutanen Barombi ne, 'yar ƙabilar da ƙauyenta ke bakin tafkin, wadda tun kaka da kakanni ita ke su a cikinsa, matanta kuma suna ɗibar yumɓu suna ginin tukwane. Lokacin da Ethelwynn Trewavas ta gidan adana kayan tarihin halittu na Landan da abokan aikinta suka fitar da cikakken bayanin kifayen a 1972, sun tarar masuntan sun riga sun rarrabe su iri-iri, kowanne da sunansa da inda ake samunsa, har aka ɗauki da yawa daga sunayen aka mayar da su na kimiyya, irin su Konia dikume da Myaka myaka da Stomatepia mongo. Wannan zai yi amfani in an zo maganar wa ya kamata ya tsare tafkin.

Me ya sa masana suka damu da wannan wuri haka? Kakan kifayen 11 karfasa ce da kowane masunci a Yauri ko Baga ya sani, wadda ake kira Sarotherodon galilaeus a kimiyyance, tana nan a kogin Kwara da Binuwai da tafkin Chadi, har tafkin Tabariyya. An daɗe ana koyar da cewa iri ɗaya ba ya rabuwa biyu sai wani shinge ya shiga tsakani, dutse ko teku ko hamada, kowane ɓangare ya yi zamansa daban na dogon lokaci. To a cikin rami zagayayye mai faɗin kilomita biyu da rabi ina shingen? A 1994 Ulrich Schliewen da Diethard Tautz da Svante Pääbo, wanda daga baya ya karɓi kyautar Nobel a 2022 kan wani aikin daban, suka wallafa a mujallar Nature cewa ƙwayoyin gadon kifayen Barombi Mbo sun nuna daga tushe ɗaya suka fito, kuma a cikin tafkin suka rarrabu, babu shingen komai sai bambancin abinci da zurfi da zaɓen abokin aure. Suka ce haka ma abin yake a tafkin Bermin, wani ramin da bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba amma yana da karfasa iri tara nasa na kansa. Shekara ashirin ana kafa hujja da wannan a littattafan jami'a. A 2015 Christopher Martin da abokansa suka duba ƙwayoyin gadon da na'urori na zamani, suka ga alamun cewa kifayen kogi sun sake shigowa tafkin fiye da sau ɗaya sun yi barbara da na ciki. Muhawarar ba ta mutu ba har yau, kuma ba za a iya kammala ta ba in kifayen suka ƙare.

Kalmar "dab da ƙarewa" tana buƙatar bayani, domin takan rikita mutane. Ba ana nufin saura 'yan ƙwarori ba ne. Wasu daga irin nan suna da yawa, kullum ana kama su ana ci ana sayarwa. Abin da ya jefa su wannan sahu shi ne duk duniyarsu wuri ɗaya ce ƙarama. Karfasar kogin Kwara in guba ta kashe ta a wani gulbi, ambaliya za ta kawo wata daga gaba. Pungu in ya mutu a Barombi Mbo babu inda wani zai fito. Akwai dai wanda ƙarancinsa na gaske ne: mongo, mai dogon baki, ya yi shekaru ba a ganinsa har aka fara zaton ya tafi, sai a 2014 aka wallafa cewa an same shi da rai.

Yanzu a hau ganuwar ramin, domin can matsalar take farawa. Tun 1940, lokacin da yankin ke hannun Turawan Ingila ana mulkinsa tare da Najeriya, aka ayyana kurmin da ke kewaye da tafkin a matsayin gandun daji na gwamnati. Amma Kumba garin koko ne, ɗaya daga manyan kasuwanninsa a Kamaru, ƙidayar 2005 ta ba shi sama da mutum dubu 140, kuma ƙasar tokar dutse ƙasa ce mai albarka da kowane manomi ke kwaɗayi. Gonakin koko da kwakwar manja da rogo da ayaba sun yi ta cin kurmin daga gefe, masu zarton inji suna yanke manyan itatuwa, masu itacen girki suna bin sauran. A yankin da damina ke kai wata takwas, gangaren da aka tuɓe wa itace ba ya riƙe ƙasarsa. Ruwan sama yana wanke ta, kuma an riga an faɗi inda komai ke gangarawa.

Laka tana ɓarna ta hanya uku, kuma ta ukun ce ba a cika lura da ita ba. Ta farko, tana rufe duwatsu da yashin gaɓa inda kifi ke kiwo da neman aure. Soso dabba ce da ke rayuwa ta hanyar zuƙo ruwa ta ƙananan ƙofofi tana tacewa. In laka ta toshe ƙofofin ya mutu, pungu kuwa ya rasa abin da aka gina bakinsa dominsa. Ta biyu, tana dagula ruwa. Kifayen dangin karfasa da ido suke gane nasu, da launi da zane, kuma an gani a tafkin Victoria cewa inda ruwa ya gurɓace har ba a ganin launi sosai, iri daban-daban sukan koma auren juna, bambancinsu ya narke. Wato iri zai iya ɓacewa ba tare da an ga gawar kifi ko ɗaya ba. Ta uku, laka tana zuwa da taki da ruɓaɓɓen ganye. Taki yana ƙara gansakuka, gansakuka ta mutu ta nutse, masu ruɓar da ita su ƙara shan oksijin, iyakar mataccen ruwan nan ta ƙasa ta ɗan hauro. Kowace mita da ta hauro an rage wa kifi gida, kuma na farko da zai ji a jikinsa shi ne dikume da myaka da ke zaune a bakin iyakar. Daga kan kwalekwale ba a ganin komai, tafkin yana nan shuɗi lafiya lau. Ranar da zaizayar ƙasa ko ruwan sama mai sanyi da yawa ya girgiza tafkin, mataccen ruwan ya taso sama, ranar ce za a gane nisan da ya riga ya hauro.

Sai feshi. Koko a wannan yanki mai laima yana fama da wata cuta da ke baƙanta 'ya'yansa su ruɓe a jikin itace, manomi kuwa ba shi da zaɓi sai ya yi ta feshi duk damina, sau da yawa da magani mai sinadarin tagulla, ga kuma maganin ƙwari da na ciyawa. Tagulla guba ce ga kifi da jatan lande da sauran ƙananan halittun ruwa ko da kaɗan ce. Manomin da ya gama feshi ya sauko rafi ya wanke tankinsa ba mugu ba ne, ruwan da ya fi kusa da shi ke nan. Sai dai rafin cikin ramin yake. A kogi guba takan wuce, a tafkin da mafitarsa 'yar kafa ce takan zauna. An ma taɓa zuba guba da gangan, da kyakkyawar niyya: ƙauyukan Barombi suna fama da tsargiya, a shekarun 1970 aka yi gwajin kashe dodon koɗin da ke ɗauke da cutar ta hanyar zuba magani a gaɓar Barombi Mbo da ta Barombi Kotto, wani tafkin da ke yankin. Irin wannan magani yakan taɓa kifi. Yau da ake da ƙwayar praziquantel da ke maganin cutar a jikin mutum, babu hujjar komawa ga waccan hanya, amma labarin yana tuna mana cewa mutanen bakin tafkin suna da ciwon kansu da ya fi musu pungu zafi.

Jan ruwa zuwa Kumba ma yana da nasa tasiri, tunda gari yana girma buƙata tana ƙaruwa. A tafki mai shimfiɗaɗɗen baki, in ruwa ya sauka mita ɗaya gaɓar ce kawai ke matsawa ciki. A nan da gaɓar take a tsaye, saukar mita ɗaya tana iya busar da wani kaso mai yawa na ɗan filin da ke da rashin zurfi, wanda shi ne wurin haihuwa.

Game da kamun kifi, ina ganin ana ɗora wa masunta fiye da laifinsu. Gaskiya ne ragar roba mai ƙananan ido ta fi gurar gargajiya ɓarna, ba ta zaɓe, tana kwana a ruwa tana kama babba da yaro. Kuma kifayen nan duka a baki suke renon ƙwai: uwa ko uba, wani lokaci su biyun, su ɗauki ƙwan a baki su yi kwanaki ba ci har 'ya'yan su ƙyanƙyashe su yi ƙwari. Ƙwan ba shi da yawa in aka kwatanta da na tarwaɗa, kuma duk wanda raga ta kama da ƙwai a baki an kashe zuriya guda tare da shi. Wannan abin gyarawa ne, da ƙayyade idon raga da barin wasu gaɓoɓi su huta lokacin haihuwa. Amma mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru suna su a wurin ba tare da sun ƙarar da iri ko ɗaya ba, ba su ne abokan gaba ba. Hana su su gaba ɗaya zai kori mutanen da kaɗai ke kan ruwan kullum, waɗanda za su fara ganin baƙon kifi a raga ko mataccen kifi yana yawo.

Baƙon kifin nan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, domin shi kaɗai ne ba ya gyaruwa. Kurmi in an sare ana iya dasawa, feshi ana iya dainawa, amma kifin da ya shiga tafki mai zurfin mita 110 ya hayayyafa babu mai fitar da shi. Giwan ruwa, wanda mu a wurinmu abin alfahari ne, shi ake ɗagawa a Argungu, an zuba shi a tafkin Victoria a shekarun 1950 don a bunƙasa kamun kifi. Ya yi shiru na wajen shekara ashirin, a shekarun 1980 ya fashe, kuma cikin ƙananan kifayen dangin karfasa wajen iri 500 da tafkin ke da su, an ƙiyasta kusan 200 sun ɓace. Victoria fa ya kai murabba'in kilomita dubu 68, da lunguna da duwatsu da wuraren ɓuya. Ba sai mafarauci ba ma. Tafkin Chala, wani ramin dutse a kan iyakar Kenya da Tanzaniya, yana da karfasa tasa ta kansa guda ɗaya, aka shigo da wasu karfasan daga waje, yanzu 'yar gida tana cikin masu dab da ƙarewa. A daidai lokacin da ake ta kwaɗaitar da matasa kiwon tarwaɗa da karfasar Nilu a duk faɗin Kamaru da Najeriya, abin da ake buƙata kawai shi ne mutum ɗaya mai kyakkyawar niyya ya dubi tafkin ya ce kifayensa ƙanana ne, bari a kawo masu girma. Ko kuma kududdufin kiwo guda a cikin ramin ya cika ya tumbatsa a watan Agusta.

Akwai mai cewa tafkin ya ga abin da ya fi wannan ya tsira, kuma yana da 'yar hujja. Saboda babu oksijin a ƙasa, babu tsutsa ko kifin da ke tona lakar da ke can, don haka ta kwanta falle-falle yadda ta sauka. A shekarun 1980 masana daga Faransa suka zaro ta da bututu, tsawon sama da mita 20, suka karanta tarihin wajen shekara 27,000 daga ƙurar furannin da ke ciki. A ciki an ga cewa wajen shekara 2,600 da ta wuce kurmin yankin ya yage, ciyawa da itatuwan fili suka shigo, sai bayan wajen shekara 600 ya rufe. A 2018 Yannick Garcin da abokansa suka ce mutane ne suka jawo haka, manoma da maƙera da suka bazu a yankin a wannan zamani; waɗanda suka yi aikin farko suka ce a'a, sauyin yanayi ne. Ko wanne ne, kifayen sun wuce wannan zamani da ransu. Sai dai a wancan lokaci babu tagulla a tankin feshi, babu ragar roba, babu bututun da ke jan ruwa zuwa birni, babu motar da za ta kawo karfasar Nilu cikin jarka. Kuma shekara 600 aka ɗauka.

A takarda wurin a tsare yake. Ban da dokar gandun daji ta 1940, a 2006 Kamaru ta sa tafkin, hekta 415, cikin jerin Ramsar na wuraren ruwa masu muhimmanci ga duniya. Amma Ramsar ba ta da ɗan sanda ko mai gadi, alkawari ne da ƙasa ke ɗaukar wa kanta. Tun ƙarshen 2016 kuma yankunan Kamaru biyu masu amfani da Ingilishi suka shiga rikici da ya zama yaƙi tsakanin sojoji da 'yan aware, Kumba da ƙauyukanta suna tsakiyarsa. A Oktoba 2020 har cikin aji aka shiga aka kashe yara 'yan makaranta a garin. A irin wannan hali ma'aikacin gandun daji ba ya shiga kurmi da littafin tara, masu bincike sun rage zuwa, wanda aka kora daga ƙauyensa kuma zai yi gona a inda ya samu, ba kuwa mai bakin ce masa don me.

Wasu suna ganin mafita a tankunan gilashi. Akwai gidajen adana dabbobi da masu sha'awar kiwon kifi a Turai da Amurka da ke riƙe da wasu daga irin nan suna hayayyafa su, kuma gara haka da babu. Amma dikumen da aka haifa a tanki mai zurfin rabin mita, ana ba shi abincin gwangwani, bayan zuriya ashirin sunan ne kawai ya rage. Abin da ya mai da shi dikume shi ne zurfin nan da tsutsar nan da ƙarancin oksijin, waɗannan kuwa ba sa shiga tanki.

In za a nemi hujjar da za ta yi aiki a Kumba, ba kifi ba ce, famfo ne. Ɗan kasuwar koko da malamar makaranta da mazauna unguwar Hausawa ta garin ba lalle su taɓa jin sunan pungu ba, amma duka sun san ruwa mai laka in ya zo, kuma babu mai son jin cewa wankin tankin feshi yana gangarawa inda ake ɗebo masa ruwan sha. Kurmin da ke tsare soson pungu shi ne dai ke rage wa hukumar ruwa kuɗin tacewa. Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne a ware wani abu daga kuɗin ruwan da gari ke biya a mayar da shi cikin ramin: a biya manoman da gonakinsu ke gangaren ciki su bar itatuwan inuwa su daina feshi kusa da rafi, a gina musu wurin wanke tanki a bayan ganuwa inda ruwan ke gangarawa waje, a hana kududdufin kiwon kifi a cikin ramin baki ɗaya. Masuntan Barombi kuma a tabbatar musu da haƙƙinsu na su a rubuce, a ba su na'urar auna oksijin da igiya mai alamar mita, su riƙa saukar da ita a tsakiyar tafkin sau ɗaya a wata suna rubuta zurfin da iskar ta ƙare. Lambar da na'urar za ta bayar ita ce za ta nuna ko gonakin da ke kan ganuwa sun fara cin gidan kifin tun kafin a ga gawa a saman ruwa.